Yadda ake gwada ruwan ganye a kan funfuna

Kwandon tumatir a kasuwar Farin Gada ta Jos ba ya daɗewa da damina sai funfuna ta hau shi. Haka masara da gyaɗa idan an ɗaure su ba su gama bushewa ba, kuma tasu ta fi haɗari, domin irin da ake kira Aspergillus flavus tana fitar da gubar afalatoksin mai lalata hanta. Shi ya sa nake murna idan ɗalibi a nan Jos ya ce zai gwada ko ganyen darbejiya, shuwaka ko gwaiba na hana ta yaɗuwa.

Fara da ganyen. Tsinko lafiyayye, ka kai wa masanin tsirrai ya tabbatar maka da shi, don suna ɗaya kan hau itatuwa biyu. Ka wanke, ka shanya a inuwa har ya bushe ƙamas, sannan ka daka. Jiƙa giram 50 na garin cikin mililita 500 na etanol (sinadarin barasa da ake aiki da shi a ɗakin gwaji), kwana 3, kana girgizawa safe da yamma. Tace da takardar tacewa ta Whatman, ka bar etanol ɗin ya tashi a ɗumin da bai wuce digiri 40 ba. Kaurin da ya rage shi za ka auna, ka sake narkar da shi, ka yi aiki da shi.

Abincin funfunar ba zai ba ka wahala ba, tunda Filato gidan dankalin turawa ce. Dafa giram 200, tace romon, zuba sukarin gulukos giram 20 da agar (garin da ke sa romon ya daskare) giram 15, ka cika lita 1. Sa a otokilef (tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi), digiri 121, minti 15. Idan ya huce zuwa kamar digiri 45, ka gauraya ruwan ganyen a ƙarfi daban-daban, ka zuba a faranti. Bayan ya daskare, yanko funfuna mai faɗin milimita 5 daga gefen wadda ka raina mako guda, ka ɗora a tsakiya. Kowane ƙarfi faranti uku.

A nan ne da yawa suke tuntuɓe, kuma abin na damuna. Dole ka ajiye farantan kwatance: ɗaya babu komai sai abincin, ɗaya da abin da ka narkar da ganyen a ciki shi kaɗai, ɗaya da sanannen maganin funfuna irin mankozeb. Etanol da kansa yana kashe funfuna. In ba ka ware shi ba, sai ka yaba wa darbejiya aikin da ba ita ta yi ba, wani manomi ya ji, ya dogara da zancen, ya yi asarar buhunsa.

Ajiye farantan a digiri 25 zuwa 28, kwana 5 zuwa 7. Kada ka bar su kan benci da hunturu, sanyin Jos zai daƙile funfunar ka ɗauka ganyen ne. Kullum ka auna faɗinta ta tsaye da ta kwance, ka ɗauki tsakatsaki. Lissafin: cire faɗin funfunar farantin gwaji daga na kwatancen da ke da abin narkarwa kaɗai, raba da na kwatancen, ninka da 100. Misali, in na kwatance ya kai milimita 80 na gwaji 30, an hana ta kashi 62.5 cikin ɗari.

Sa takunkumi da safar hannu, kada ka shinshina faranti, kuma ka mayar da su otokilef kafin ka zubar.