Ga masu neman aikin wucin gadi a wuraren tarihi na Amurka

Salam 'yan uwa mazauna Amurka. Hukumar National Park Service, mai kula da gandun daji da wuraren tarihi na gwamnatin tarayya, takan ɗauki ma'aikatan wucin gadi duk shekara: yankan ciyawa, sassabe, fenti, gyaran shinge, kwashe shara. Yawanci aikin ba ya wuce awa 1,039, kusan wata shida ke nan, kuma sai mai takardar zama ɗan ƙasa, katin izinin zama bai wadatar ba.

Yawancin aikin na lokacin zafi ne, amma kada ku jira sai zafin ya shigo kafin ku nema. Tun wajen Oktoba guraben ke fara fitowa a USAJOBS, shafin intanet na neman aikin gwamnatin tarayya, wasu kuma da adadin masu nema ya cika sai a rufe. A takardar neman aikin, ku ambaci kowane injin da kuka taɓa riƙewa, da awa nawa kuke yi a mako.

In Allah ya sa an dace, ku kula da wannan sosai. Wuri irin Valley Forge a Pennsylvania, inda sojojin George Washington suka yi hunturun 1777 zuwa 1778, ƙasarsa ma kayan tarihi ce. Ko ramin dogarin shinge kada ku haƙa sai an ba da izini. In kun tsinci tsohon maɓalli ko harsashin dalma, ku bar shi inda yake ku kira shugabanku, ɗauka laifi ne a doka. Injin datse ciyawa kuma a nisanta shi da tsohon gini, igiyarsa tana cin dutse da farar ƙasa.

Sai kaska, tana sa cutar Lyme a yankin. Ku cusa ƙafar wando cikin safa, ku duba jikinku kullum da yamma, musamman bayan gwiwa da hammata.