Yadda za ka ƙara wa sojanka muƙami na huɗu a wasan 0 A.D.

Wasan 0 A.D., wasan dabarun yaƙi na kwamfuta na ƙungiyar Wildfire Games, kyauta ne, kuma fayilolinsa a buɗe suke ga mai son taɓawa. Sojan gari a cikinsa yana da matakai uku, Basic, Advanced da Elite, yana hawa ne da makin da yake tarawa a faɗa. Daga Elite sai ya tsaya cak. Wannan ne ba ya yi mini daɗi, domin mai mashin da ya tsira daga yaƙi biyar ya cancanci a san da shi. Za mu yi aikin da mai mashi na Kush, daular Nubiya da aka shigar cikin wasan a 2018.

Da farko ka tanadi 7-Zip na buɗe fayil ɗin zip da Notepad++ na gyara rubutu. In intanet ɗinka ba ta da ƙarfi, ka kwaso su da wasan a kile daga wani ɗan fadarku, ko a unguwar Birni kake ko a Zango a Damagaram. Ka shiga inda aka girka wasan, ka bi binaries/data/mods/public, ka buɗe public.zip. Kada ka canza komai a ciki, kwafi kawai za ka ɗauka.

Sai ka je Documents/My Games/0ad/mods ka buɗe sabon kundi mai suna jarumi, shi ne mod ɗinka, wato ƙarin da ake ɗora wa wasan. A ciki ka rubuta mod.json mai ɗauke da name, version, label, description da dependencies. Lambar wasan da za ka sa a dependencies, ka duba ta a mod.json na public, don in ta saɓa wasan zai ƙi karɓar aikinka. Sannan ka jera kundaye kamar na asali: simulation/templates/units/kush.

Nan ne ainihin aikin. Ka kwafo infantry_spearman_e.xml daga public.zip zuwa kundin kush ɗinka sau biyu, na biyun ka sa masa suna infantry_spearman_j.xml. A cikin na _e za ka ga layin <Promotion disable=""/>, shi ne ya rufe wa soja hanya. Ka goge shi, ka sa:

<Promotion><Entity>units/kush/infantry_spearman_j</Entity><RequiredXp>300</RequiredXp></Promotion>

A cikin na _j kuwa ka bar wancan layin na rufewa, ka maida parent, wato fayil ɗin da yake gada, ya zama units/kush/infantry_spearman_e. Ƙarƙashin Identity ka sa <SpecificName>Jarumi</SpecificName>, amma ka bar Rank a Elite don ya gaji ƙarfin da matakin ke bayarwa. Sai ƙarin lafiya:

<Health><Max op="mul">1.2</Max></Health>

Wato an ƙara masa kashi 20 cikin 100. Ni dai ba na son a wuce haka. In ka ninka masa lafiya sau biyu, jarumawa goma za su share gari su kaɗai, dabara ta mutu. Haka ma makin RequiredXp da ake buƙata kafin hawa: in ya yi kaɗan kowa jarumi ne, in ya yi yawa babu mai kaiwa kafin wasa ya ƙare. Abin da ake nema shi ne soja ƙwara biyu ko uku da za ka ji zafin rasa su, har ka janye su daga fagen fama ka kai wa masu magani. Ka tuna kuma, a wannan wasa duk sojan da ya hau mataki noma da saran itacensa raguwa suke, saboda haka kada ka maida jarumi gona.

Ka riƙa adana fayil kowane lokaci, ka san halin kuran, wato wutar lantarki, a Damagaram lokacin zafi.

Yanzu ka kunna wasan, ka shiga wurin zaɓen mod a cikin saituna, ka kunna jarumi, ka sake tayar da wasan. Don gwaji cikin sauri, ka sauke RequiredXp zuwa 10, ka buɗe Atlas, wato maginin taswira, ka ajiye sojan Elite gaban abokan gaba. In jan rubutu ya fito a saman allo, galibi harafi ne ya kuskure a sunan fayil ko wata alama ba ta rufe ba, interestinglog.html, fayil ɗin da wasan ke rubuta kurakurai a ciki, zai nuna maka wurin. In ya yi, ka maida 300, ka yi wa mai baka da mahayin doki irin wannan. Kafin ku kara da aboki, ka ba shi kundin jarumi daidai da naka, in ba haka ba wasan ba zai haɗa ku ba.