Yadda ake yi wa baƙo jagora a Zariya

Duk wanda ya zauna Zariya, wannan aikin zai same shi ko bai nema ba. Yau ɗan'uwa ya kawo yaro jarrabawar shiga jami'a, gobe abokin aiki ya turo maka baƙonsa ya ce don Allah ka zaga da shi gari. Ni a Tudun Wada nake, tsakanin birni da Sabon Gari, shi ya sa nauyin yake yawan faɗowa kaina.

Kafin komai ka gane abin da baƙon yake so. Wani kwatance kawai yake nema, ka faɗa masa inda zai sauka a waya, shi ke nan. Wani rakiya yake so, ya san abin da ya kawo shi, ƙafarka kawai yake buƙata. Wanda ya zo ganin gari shi ne mai buƙatar jagora, kuma a nan aikin yake, domin kai za ka zaɓi abin da zai gani, da wanda za a gaisar kafin a gani.

Ko kwatancen ma sai an kula. Mutum zai ce maka ABU za shi, wato Jami'ar Ahmadu Bello, kai kuma kada ka ce to sai ka tambaye shi wace. Babbar harabar jami'ar, wadda aka buɗe a 1962, tana Samaru. Masu karatun shari'a da harkar mulki suna Kongo, kusa da Tudun Wada. Asibitin koyarwa kuwa yana Shika, gaba da Samaru a kan hanyar Funtuwa. Mai zuwa Samaru ko Shika ka ce ya sauka Kwangila. Wanda ya taso daga Kaduna zai shiga birni, Ɗan Magaji ta fi masa. Na sha ganin dattijo da majinyaci a bayan keke-napep suna yawo a Kongo suna tambayar asibiti, don wanda ya yi musu kwatance ya yi gajen bayani.

In birni za ku shiga, ku fita da hantsi, kuma ka kauce wa ranar Juma'a sai in salla ce ta kawo shi, don tun kafin azahar hanyoyin fada suke cushewa. Ka ce masa ya sa takalmin da ba ya da wuyar cirewa, zai cire shi fiye da sau ɗaya. In mace ce ta riƙe mayafi. Mota kuwa a ajiye ta wajen fada a ci gaba da ƙafa. Taswirar waya ba ta san lungunan birni ba. A can da unguwa ake kwatance, da masallaci, da zauren gidan wane.

Ku shiga ta Ƙofar Doka, ka lissafa masa 'yan'uwanta a hanya, su Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Jatau, Galadima da Tukur-Tukur. Ganuwa ta zaizaye a wurare da yawa, wani wajen an yi gini a kanta, amma inda ta rage ka tsaya ya ga kaurinta. A nan zai tambaye ka Sarauniya Amina, babu makawa. Faɗa masa abin da aka gada, cewa 'yar Bakwa Turunku ce, kuma ana cewa sunan ƙanwarta Zariya garin ya ci. Sai ka ƙara masa da cewa masana tarihi sun saɓa a kan zamanin da ta yi. Kada ka yi wa labarin gishiri don baƙo ya ji daɗi. Garin nan cike yake da malaman jami'a da ɗalibansu, kana cikin zuba wani zai tsaya a bayanka yana sauraro.

A ƙofar fada kada ka ja baƙo ku kutsa. Ka nemi dogari ka gaishe shi, ka ce, “Ranka ya daɗe, baƙo na kawo, yana son ganin gidan Sarki.” Inda aka ce ku tsaya ku tsaya. Zanen da ke jikin ƙofar yakan sa hannun baƙo ya tafi aljihu neman waya, to ka riga shi, ka nemi izinin hoto tukuna. In babban mutum ya fito, ka rusuna ka yi jinjina, baƙon zai kwaikwaye ka ba sai ka yi masa bayani ba.

Tarihin sarautar a taƙaice za ka ba shi. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804, Malam Musa ya zo da tuta, Sarkin Haɓe Makau ya yi kudu da mutanensa, zuriyarsu suka kafa garin Abuja na asali, wanda yau ake kira Suleja. Baƙi daga babban birnin tarayya sukan yi mamakin wannan. Gidajen sarauta huɗu ne, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Sarki Shehu Idris ya hau a 1975 ya rasu a 2020, aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli daga gidan Mallawa. Iyakar nan ka tsaya. Wane gida ya fi cancanta ba hirar ƙofar fada ba ce, ba ka san ɗan wane gida ne yake tsaye kusa da kai ba.

Inda nake so ka kashe lokaci shi ne Masallacin Juma'a da ke daf da fada. Kafin wani sashensa ya rufta a 2023, daga waje baƙo ba ya ganin wani abin mamaki, ginin siminti ne irin na ko'ina, don an lulluɓe tsohon ginin da sabo. Da yawa sukan leƙa su juya, su tafi ba su san abin da suka bari ba. Ka nemi mai kula da masallacin, ka gaishe shi, ka roƙi a nuna muku abin da ya rage na ginin ƙasa na ciki, a lokacin da ba na salla ba. Idan baƙon ba Musulmi ba ne ka faɗa tun farko, ka bi abin da aka ce. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, kuma har yau akwai unguwa a birni mai sunansa. In kun shiga, ka yi shiru ka bar idonsa ya saba da duhun wurin. Sannan ka ce ya ɗaga kai. Nuna masa yadda bakan gizo ya taso daga ginshiƙi ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, ka gaya masa azara ce ta giginya a ciki, an jera ta guntu-guntu ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, babu ƙarfe babu siminti. Giginya aka zaɓa don gara ba ta cika cin ta ba. Ka matsa da shi jikin ginshiƙi ya ga zanen da aka fitar a jikin ƙasar tun tana ɗanya. An kwaikwayi ginin nan a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, to ga na ainihin a gabansa.

Daga nan ku bi lungu. Za ku tarar da masu ɗinkin hannu a zaure, an baza babbar riga a cinya ana yi mata aska da allura. Sallama tukuna, a gaisa, a tambayi aiki, sannan a yi maganar hoto ko ciniki. In baƙon zai saya, kada ka karɓi la'ada a bayan idonsa. A Unguwar Kona da Unguwar Juma za ku ji karatu na tashi daga zaure, ku rage murya ku wuce.

Da azahar ta yi ku fito, a yi salla a ci abinci. In ka samu gidan da aka yi fate ka kai shi, musamman in Bakane ne, ya samu abin tsokanarmu, tunda wasa ne tsakaninmu da su. Zai kuma yi dariyar yadda muke cewa mace ne, mota ne. Ka bar shi ya yi, ka rama a kan son kuɗin Kanawa.

Da la'asar sai Wusasa, a gindin dutsen Kufena. Can 'yan mishan suka koma daga birni a 1929, suka gina cocin St Bartholomew da ƙasa a tsarin ginin Hausa, kuma can Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ladabin da ka yi a masallaci shi za ka yi a nan. Kwalejin Barewa, wadda ta faro daga Katsina a 1921, da kamfanin Gaskiya mai alaƙa da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, nuni daga mota ya ishe su, sai fa in tsohon ɗalibi ne ko ɗan jarida. Samaru kuwa ka bar ta sai washegari, ba a haɗa ta da birni a yini ɗaya.

Ranar tafiya ka raka shi har tasha, ka tabbata motar cikin tasha ya hau ba ta bakin titi ba, kuma ya tashi da wuri yadda dare ba zai yi masa a hanya ba. Ka ce ya kira in ya sauka.