Gwanjon Kayan Tarihin Besbol ta Intanet: Yadda Ake Saye, Kimantawa da Sayarwa daga Accra

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa Kantamanto ranar da ake fasa dila ya ga hulunan hana-sallah masu ɗauke da haruffan N da Y a sarƙe da juna, kuma yawancin samarin da ke yawo da su a Nima da Mamobi ba su damu da sanin cewa tambarin ƙungiyar besbol ta New York Yankees ba ne. Mu nan ƙwallon ƙafa muka sani, amma a Amurka besbol ya haura shekara ɗari da hamsin ana buga shi, kuma akwai dubban mutane da ke zuba kuɗi a kan tsofaffin katuna masu ɗauke da hotunan 'yan wasa, da rigunansu, da ƙwallayen da suka sa wa hannu. Kalmar gwanjo a bakinmu tana nufin kayan da aka riga aka sa, tana kuma nufin cinikin da ake bar wa wanda ya fi tayi, kuma wannan sana'a ta haɗa ma'anonin biyu.

Alƙaluman da ke jan hankalin mutane gaskiya ne. A watan Agustan 2022 kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da katin Mickey Mantle na 1952 da kamfanin buga katuna na Topps ya fitar a kan dala miliyan 12.6, sannan a Agustan 2024 ya sayar da rigar da Babe Ruth ya sa a wasannin ƙarshe na gasar 1932 a kan fiye da dala miliyan 24. Sai dai mai fara sana'a daga Accra ba wannan layin zai shiga ba, kuma yana da kyau ya tuna da ƙwallon da Mark McGwire ya kafa tarihi da ita a 1998, wadda aka saya dala miliyan 3 a 1999, daga baya a 2010 McGwire ya amsa cewa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, darajarta ta zube. Kasuwarmu tana tsakanin dala 20 zuwa 300, inda kuskure ɗaya ba zai cinye jari ba.

Matakin farko shi ne mutum ya zaɓi kusurwa guda ya tsaya a kanta har ya san ta kamar yunwar cikinsa. Shawarata ita ce katunan Topps na tsakanin 1957 da 1975, na 'yan wasan da sunansu ya riga ya zauna, irin su Willie Mays da Hank Aaron da Roberto Clemente, domin waɗannan ba za su ji rauni gobe farashinsu ya faɗi ba, kuma ana cinikinsu kullum, saboda haka sanin farashinsu ba ya wuya. Abin da ya kamata a guje wa shi ne katunan ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990, lokacin da kamfanoni suka buga su fiye da kima har suka cika gidajen Amurkawa. Za ka ga kwali guda mai kati dubu ana neman dala 30, ka ɗauka ka tsinci dami a kala, alhali kuɗin aiko shi kaɗai ya fi abin da ke ciki daraja. Tsufa shi kaɗai ba ya sa abu tsada. Ƙarancinsa da lafiyarsa da sunan mai shi ne ke sa wa.

Lafiyar kati kuwa ba da baki ake faɗinta ba. Akwai kamfanonin tantancewa, manyansu PSA da aka kafa a 1991, da SGC, da Beckett, waɗanda ke duba katin su ba shi maki daga 1 zuwa 10, sannan su rufe shi a gidan roba mai tauri wanda ba a buɗe shi sai an fasa, da lamba ta musamman a jikinsa. Abubuwa huɗu suke dubawa: kaifin kusurwoyi, da gefuna, da fuskar katin, da kuma yadda hoton ya zauna a tsakiya. Na ƙarshen nan shi ne sabon shiga ke rainawa, alhali katin da farin gefensa na hagu ya ninka na dama faɗi ba zai sami babban maki ba ko da jiya aka ciro shi daga leda. Bambancin maki ɗaya a sama, tsakanin 8 da 9, yana iya ninka farashi sau da yawa. Wanda ke zaune a Ghana, ba ya iya riƙe katin ya juya shi a gaban fitila, ya fi masa kwanciyar hankali ya fara da wanda aka riga aka tantance, kuma kafin ya taya ya kwafi lambar da ke jikin gidan robar ya saka a shafin kamfanin, ya tabbatar sunan ɗan wasa da shekara da maki sun dace, domin har gidan robar ma ana yin na jabu. A shafin PSA akwai kuma ƙidayar yawan kowane kati da ya sami kowane maki, wadda ke nuna ko abin da ake kira mai wuyar samu da gaske yana da wuyar samu.

Wajen kimanta farashi, ƙa'idar ita ce wadda kowane ɗan kasuwar Nima ya sani: kuɗin da mai kaya ya yanka ba shi ne farashi ba, farashi shi ne inda aka sallama. A eBay, shafin saye da gwanjo na intanet, akwai wurin da ake latsawa a ga kayan da aka riga aka sayar kawai, kuma nan ne aikin yake. Ka nemo ciniki biyar zuwa goma na kati iri ɗaya, mai maki ɗaya, daga kamfanin tantancewa ɗaya, na watanni ukun da suka wuce, ka jefar da mafi tsada da mafi arha, ka riƙe na tsakiya. Kada ka gwada katin SGC da na PSA kai tsaye ko da makinsu ɗaya, saboda kasuwa ba kullum take ba su kuɗi ɗaya ba.

Kayan da aka sa wa hannu su ne ramin da ya fi cin mutane, har hukumar FBI ta yi wani babban samame a ƙarshen shekarun 1990 da ta kira Operation Bullpen, inda ta bankaɗo gungun masu ƙirƙirar sa hannun taurari suna haɗawa da takardun shaida na ƙarya. Don haka takardar shaida ba ta da wani nauyi sai in daga sanannun masu tantancewa ta fito, irin su PSA/DNA ko JSA ko Beckett, kuma ita ma a duba lambarta. Amma akwai binciken da mutum zai yi da kansa yana zaune a kan benci da wayarsa, wato ya gwada shekarun kayan da shekarun mai sa hannun. Babe Ruth ya mutu a 1948, kamfanin Rawlings kuwa sai a 1977 ya fara yi wa babbar gasar Amurka ƙwallayenta na hukuma, kafin nan tambarin Spalding da Reach ake gani, saboda haka irin wannan ƙwallon ta Rawlings mai sunan Ruth ƙarya ce tsagwaronta. Alƙalamin Sharpie ya fito ne a 1964, ba zai yiwu Lou Gehrig da ya mutu a 1941 ya yi rubutu da shi ba. Haka nan Mantle ya mutu a 1995, kuma ƙwallon bai-ɗaya mai sunan Bud Selig, shugaban gasar na wancan lokaci, da aka riƙa buga kakar wasa da ita ta fara ne a 2000, don haka sa hannun Mantle a kanta jabu ne. Wanda ya haddace irin waɗannan shekarun guda goma ya riga ya tsallake rabin tarkunan da ke kasuwar.

Gwanjon kansa ma ana yi masa maguɗi. Bill Mastro, wanda ya taɓa zama babban mai gwanjon kayan wasanni a Amurka, ya amsa a gaban kotu a 2013 cewa ya datse gefunan shahararren katin Honus Wagner don ya yi kama da sabo, kuma kamfaninsa ya riƙa sa tayi na bogi don tura farashi sama, aka yanke masa hukuncin ɗauri a 2015. Wannan tayin bogi shi ne najashi da malamanmu ke karantarwa a babin ciniki cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana. Alamarsa a eBay ita ce sabon asusu marar tarihi da ke ƙara kuɗi kaɗan-kaɗan a kan kayan mutum ɗaya kawai, ko kaya da aka ce an sayar sai ga shi ya dawo bayan mako guda. In ka ga haka ka janye, kai ma kuma kada ka sa ƙaninka ya taya maka kayanka. Akwai kuma abin da ake yi kai tsaye a bidiyo, mutane su biya kuɗi a fasa rufaffen kwalin katuna kowa ya ɗauki abin da rabonsa ya faɗo. Ni dai ban ga abin da ya raba shi da caca ba.

Lissafi daga baya ake fara shi. A ce katin da kake so ana sallama shi a dala 200. Idan ka zo sayarwa, la'adar eBay ta kai wajen kashi 13 cikin ɗari, wato dala 26, saura 174. Ka cire kamar dala 14 na aikawa da ajiya, saura 160. Idan kana son ribar dala 30, to duk abin da zai fita daga aljihunka kada ya wuce 130. A manyan kamfanonin gwanjo irin su Heritage da Goldin ana ɗora wa mai saye la'ada ta wajen kashi 20 a kan tayinsa, ke nan tayinka na ƙarshe dala 108 ne, ba 130 ba. Ga kuma abin da banki zai ci wajen canjin sidi zuwa dala. Ka rubuta wannan adadin a takarda tun da rana, domin gwanjon da ke rufewa ƙarfe 10 na dare a New York ƙarfe 2 ko 3 na dare ne a Accra, kuma a wannan lokacin, ido ya yi nauyi zuciya ta hau, mutum na iya ƙara dala 40 don kawai kada wani ya kayar da shi. A eBay yawanci lokaci na cika ake rufewa, shi ya sa gwanaye ke jira sai saura daƙiƙu kaɗan su sa iyakar tayinsu sau ɗaya. Manyan kamfanonin kuwa suna ƙara lokaci muddin ana ci gaba da tayi, don haka wannan dabarar ba ta aiki a can.

Babban abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne kada ya kawo katin Ghana. Masu saye suna Amurka, saboda haka kawo shi nan biyan kuɗin jirgi ne sau biyu, da kuɗin kwastan, da haɗarin ɓata a hanya. Na koyi wannan da kuɗina: na taɓa sa aka aiko mini da katuna uku marasa gidan roba, suka yi makonni a hannun wani kamfanin jigila, da suka iso na ajiye su cikin akwati a ɗakina, kafin damina ta fita laimar Accra ta lanƙwasa su kamar soyayyen ƙosai, ɗaya har ya fara fumfuna a baya. Yanzu akwai ma'ajiyu na musamman, kamar ta PSA a jihar Delaware da ta Fanatics Collect a Oregon, jihohin da ba a karɓar harajin sayayya, inda ake kai katin kai tsaye daga mai sayarwa, a ɗauki hotonsa, ka sayar da shi daga can ba tare da ka taɓa shi ba. Wanda yake da ɗan'uwa amintacce a Bronx, inda 'yan Zango suke da yawa, yana iya bi ta hannunsa, amma a rubuta yarjejeniya a kan la'adarsa tun farko don zumunci ya tsira. Kuma kafin ka sayi ko da kati ɗaya ka tabbatar da hanyar da kuɗinka za su dawo maka, domin an daɗe PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, ba ya yi wa mazauna Ghana aiki, kuma buɗe asusu da adireshin ƙarya hanya ce ta a rufe shi da kuɗinka a ciki.

Inda muka fi Ba'amurke dama shi ne Kantamanto, domin abin da ya zubar ne yake nema daga baya. Idan ka ɗauki hular kamfanin New Era, ka juya ta ka dubi ƙarƙashin bakinta: kore ko toka-toka da yadin ulu alamar tsohuwa ce, domin a 2007 hulunan da 'yan wasa ke sawa a fili suka koma baƙin ƙarƙashi da yadin roba, ko da yake ana sake yin irin na da, sai an haɗa da duba lakabin ciki. Hulunan Sports Specialties da jaket masu sheƙi na Starter na shekarun 1980 da 1990 suna da masu nema. Rigar da ke ɗauke da lakabin Mitchell & Ness kuwa kwaikwayon ta da ce da aka ɗinka daga baya da izini, tana da kuɗinta, amma kada a sayar da ita da sunan ta zamanin. Ka yi huɗɗa da mai fasa dila guda, ka nuna masa hotunan lakabin da kake so a waya, ka riƙa biyansa fiye da yadda 'yan talla ke biya, zai riƙa ware maka tun kafin gari ya waye.

Wajen sayarwa, ka ɗauki hoto da hasken rana a inuwa, gaba da baya da lakabi da kowane tabo, ka auna faɗi da tsawo da inci, ka kuma faɗi aibin kaya a layin farko, saboda eBay yakan goyi bayan mai saye idan ya ce abin da ya karɓa ya saɓa da bayani. Kada ka wanke tsohuwar hula a inji, burushi mai laushi da ɗan ruwa sun isa. Kasuwa takan motsa a ƙarshen Maris da ake buɗe kakar wasa da kuma Oktoba lokacin wasannin ƙarshe. Tun da aika hula ɗaya daga Accra zuwa Amurka na iya cinye ribarta duka, ka tara guda ashirin ko talatin ka aika su a kwali ɗaya zuwa wurin wakilinka, shi ya riƙa rarraba su ɗaya bayan ɗaya da kuɗin gidan waya na cikin gida.