Font ya ƙi fitowa a cikin sanbos: inda muke yawan yin kuskure

Wallahi abin da ya fi ci min rai a harkar rubuta manhaja shi ne manhaja ba ta ƙorafi. Ka loda font ɗinka, wato fayil ɗin salon haruffa, bai lodu ba, ita kuma sai ta yi gum ta ɗauko na kwamfutar ta saka, kai kana ganin komai lafiya lau tunda a taka kwamfutar dama font ɗin a girke yake. Na taɓa kwana biyu ina neman abin da ya sa rubutun wata manhajata ya canza kama a Mac ɗin abokina, ashe hanyar fayil ɗin da na rubuta a kod foldar Downloads ɗina take nunawa.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Tun 2012 Apple ya wajabta sanbos ga sababbin manhajojin Mac App Store, wato an kewaye manhajarka da shinge, ba ta leƙa foldar da ba a ba ta izini ba. To ka zuba font ɗin a cikin manhajar kanta, a Resources, ka rubuta sunan foldar a ATSApplicationFontsPath cikin Info.plist, fayil ɗin saitunan manhajar, ko kuma ka kira CTFontManagerRegisterFontsForURL da kCTFontManagerScopeProcess, ma'ana manhajarka kaɗai ke ganinsa, tana rufewa shi kenan ya tafi. A Windows AddFontResourceEx da FR_PRIVATE ne ke wannan aikin, a Flatpak kuma, tsarin rarraba manhajoji na Linux, ka ajiye shi a /app/share/fonts. Don Allah kar ka ce sai ka girka wa mutum font a kwamfutarsa, ba huruminka ba ne.

In kuma mai amfani ne zai zaɓo font ɗin da kansa ta NSOpenPanel, tagar zaɓen fayil ta Mac, izinin na wannan zaman ne kawai, gobe yana buɗe manhajar sai ya ga font ya yi ɓatan dabo. Ko dai ka adana bukmak mai ɗauke da izinin ka kira startAccessingSecurityScopedResource kafin ka karanta fayil ɗin, ko ka kwafo shi cikin kwantenar manhajar, wato foldar da sanbos ya ware mata, tun ranar farko, ni wannan na fi yi don ya fi sauƙi.

Sannan sunan fayil daban, sunan font daban, mutane na ta haɗa su. A Qt, wani kayan aikin gina manhajoji, addApplicationFont yana dawo da -1 in ya kasa, ka duba lambar nan mana, sannan ka karɓi sunan gaskiya daga applicationFontFamilies, kar ka yi cinta.

Mu masu rubuta Hausa kuma akwai wata a gabanmu, font zai lodu tsaf amma babu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a cikinsa, sai ka ga harafi ɗaya a tsakiyar kalma ya fita daban, siriri ko ɗan akwati. Andika da Charis SIL da Noto Sans duk suna da su. Kafin ka saki manhajar, ka rubuta "ƙanƙara, ɗanɗano, ɓawo, ƴaƴa" a kwamfutar da ba a taɓa girka font ɗin ba, ka zuba ido ka duba harafi-harafi.