Idan kayan filashinku sun koma shortcut, kar ku yi fomat tukuna

Salam 'yan uwa. Jiya ƙanwata ta zo min idonta ya yi ja, wai aikin makarantarta duk ya tafi bayan ta kai filashi wani shagon buga takardu, in ka buɗe sai shortcut (gumakan nan masu 'yar kibiya, ba ainihin fayilolin ba) kawai kake gani alhali filashin yana nuna a cike yake. Irin wannan bairos ɗin bai goge komai ba, ɓoyewa kawai ya yi.

Ni fa mutumin linzami (mouse) ne, danna nan danna can, baƙin allon cmd da ake rubuta wa kwamfuta umarni ma ba na son ganinsa, amma a nan linzami ba ya cire ɓoyewar, ko ka shiga Properties na kayan za ka tarar akwatin Hidden, wanda ake cire ɓoyewa da shi, ya dushe ba ya dannuwa saboda an sa wa kayan alamar fayilolin Windows.

Ka duba harafin filashin a This PC, a ce E ne. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd, Enter. Rubuta E: ka sake danna Enter, sannan ka rubuta wannan:

attrib -h -r -s /s /d *.*

Kula da tazarar da ke tsakani, kuma don Allah ka tabbatar layin da kake rubutu a kai a baƙin allon ya fara da E, ba C ba. Jira kaɗan, kaya za su dawo. Shortcut ɗin nan kar ka taɓa su, danna su ne ke tayar da bairos ɗin. Kwashe kayanka, ka bi su da Microsoft Defender, manhajar kashe bairos da ke cikin Windows, sannan ka yi wa filashin fomat.