Yadda Ake Gano Dalilin Warwatsewar Harbin Karabin .22 da Zaɓen Madubin Saitin da Ya Dace

Mai karabin .22 da ya ga harsasansa sun daina taruwa wuri ɗaya yakan ɗora laifin a kan madubin saiti, wato madubin hangen da ake ɗorawa saman bindiga, ya shiga neman sabo, alhali sau da yawa matsalar tana ga sukurun da ya saki ko harsashin da bai dace da bututun ba. Wannan bayani na wanda ya mallaki bindigarsa da takardar izinin hukuma ne, wanda kuma ya san cewa farauta a Nijar tana ƙarƙashin dokar 1998 kan farauta da kare namun daji.

Kafin komai a cire harsashi, a buɗe bindigar a tabbatar babu kome a ciki. Wurin gwaji kuma dole ya kasance da tudun yashi ko ganuwar ƙasa a bayan allon, domin ƙaramin harsashin nan yana iya wuce kilomita 1 da rabi, kuma a karkarar Tahoua makiyayi da garkensa na iya ɓullowa ta inda ba a zata ba.

A kafa takarda a nisan mita 50, a ɗora bindigar a kan buhun yashi, gaban katakonta ya zauna a kan buhun, bututun kuwa kada ya taɓa kome. A harba biyar biyar har sau uku ba tare da an taɓa madubin ba, a auna faɗin kowane taron ramuka biyar a rubuta. Daga nan abu ɗaya kawai za a riƙa sauyawa a kowane gwaji, don wanda ya sauya harsashi ya kuma ɗaure sukuru a lokaci guda ba zai san wanne ya yi magani ba. Da sassafe ya fi, kafin iskar hunturu ta taso, saboda iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana ture harsashin kusan santimita 2 zuwa 3 a wannan nisa.

Sai a ɗauki turnabis a duba sukurorin da suka haɗa ƙarfen da katako, da na zobban da ke riƙe madubin. A ɗaure su sosai amma ba da ƙarfin tsiya ba, domin matse zobba fiye da kima yana lotsa jikin madubin ya hana saitinsa aiki. A duba kuma ko zobban sun dace da layin da ke saman bindigar, tunda bindigogin Turai irin su CZ galibi layinsu milimita 11 ne, na Amurka da dama kuwa ya ɗan fi haka ƙanƙanta, kuma zoben da bai zauna daidai ba yakan zame sannu a hankali.

Batun harsashi shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Tun da kamfanin Stevens na Amurka ya fitar da .22 LR, wato harsashin wannan karabin, a 1887, sinadarin da ke tayar da albarushinsa yana cikin gefen gindin kwanson ne, kuma idan bai bazu daidai ba, gudun wannan harsashi sai ya bambanta da na wancan, harbi ya riƙa hawa da sauka. Haka kuma bindigogi biyu masu suna ɗaya kowace ke iya son nata harsashin. Dalmar da aka saba gani nauyinta giram 2.6 ne. Harsashi mai matsakaicin gudu yana fita da kimanin mita 325 a daƙiƙa, wato ƙasa da gudun sauti, mai saurin kuwa yana fita da kusan mita 380, sannan ya ragu ya ratsa iyakar gudun sauti yana cikin tafiya, abin da kan iya rage daidaitonsa. A ganina mai neman daidaito ya fara da mai matsakaicin gudu, ya gwada iri uku ko huɗu, idan ya sami wanda bindigarsa ta karɓa ya sayi da yawa masu lambar kwali ɗaya. Jikin dalmar shafe yake da kaki, saboda haka bayan an sauya iri ko an wanke bututu sai an harba goma zuwa ashirin kafin harbin ya daidaita. Kwalin da aka bari a mota cikin zafin bazara kakinsa yakan narke, ƙura kuma ta manne masa ta shiga bututu.

Idan har yanzu babu sauƙi, a haska bututun a duba zoben baƙin dauɗa da ke taruwa a gaban mazaunin harsashi, a goge shi da buroshi, ana shigar da sandar wanki ta baya. A duba bakin bututun da kyau, domin ɗan tsagu a nan yana karkatar da kowane harsashi, gyaransa kuma sai ƙwararren maƙerin bindiga. A daina jan kunama babu harsashi, don a bindigogi da yawa allurar tana dukan gefen mazaunin ta ɓata shi.

Sai bayan duk wannan za a juya ga madubin. A kafe bindigar a kan buhu, a leƙa, a motsa kai hagu da dama ba tare da an taɓa ta ba. Idan giciyen da ke ciki ya riƙa yawo a kan takardar, to akwai faralaks, kuma duk lokacin da kunci ya sauya wuri harbi zai goce. Yawancin madubin manyan bindigogi an daidaita faralaks ɗinsu ne a wajen mita 100, na .22 kuwa a wajen mita 50, don haka mai saye ya nemi wanda aka yi domin .22, ko mai zoben daidaita nisa a gaba ko a gefe. Wannan ya fi yawan kusantowa muhimmanci nesa ba kusa ba. Mai lamba 2-7x32 ko 3-9x40, wato mai kusantowa sau 2 zuwa 7 ko sau 3 zuwa 9, ya wadatar har zuwa mita 100, wanda ya fi haka kuwa a ranar Tahoua sai ya ƙara fito da rawar zafin da ke tashi daga ƙasa. Gilashi mai haske da jikin da ƙura ba ta shiga su ne suka cancanci ƙarin jikkuna.

A karanta abin da aka rubuta a kan maɓallin saiti, inda ake nuna ma'aunin kusurwa da MOA ko mil. Idan 1/4 MOA ne, kowane ƙas ɗaya yana matsar da harbi kimanin milimita 3.6 a mita 50, idan kuma 0.1 mil ne, milimita 5. Don a gwada amincinsa, a harba uku, a murɗa ƙas 20 sama a sake harba uku, sannan a mayar da shi ƙas 20 ƙasa a ƙara harba uku. Idan harbin ƙarshe bai koma kan na farko ba, kayan cikin madubin sun saki, kuma a nan ne sayen sabo ya zama dole.